Zauren Kawu: Baturen Folan ɗin da ya hana ɗalibin Samaru barci

A fitowar da ta wuce, ina cikin maganar fina-finan yaƙi, na ambaci sunan Andrzej Wajda, daraktan fim ɗan ƙasar Folan, a layi ɗaya tak, na wuce abina. Ashe na taɓo gidan rina. Saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na neman ƙarin bayani, wasu na faɗa. Na zaɓi huɗu, na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Kawu, barka da war haka. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, ina karanta wasan kwaikwayo. Bayan na ga sunan mutumin nan a shafinka sai na nemo fim ɗinsa Kanał, na kalla a waya da daddare. Wallahi ban runtsa ba sai bayan asuba. Amma akwai abin da ya shige mini duhu. A kusa da ƙarshe, yarinyar da saurayin sun iso bakin kogi, ƙarfe ya tare su, sai kyamara ta tsaya tana kallon ɗaya gaɓar kogin, alhali babu komai a can. Me ake nufi? Kuma wane ne Wajda, da wane fim zan ci gaba?
Daga wani ɗalibi, Samaru.

AMSA: Ɗana, ka yi ido. Wurin da ka tsaya ɗin nan, nan ne zuciyar fim ɗin, kuma ni ma da kaina ban gane shi ba sai da aka nuna mini da yatsa.

Bari mu fara da sunan, don kada ka je gaban malaminka ka yi abin kunya. Ba a karanta shi yadda aka rubuta. A bakin mutanen Folan, ƙasar da za ka ga ana rubutawa Poland, sunan yana fita kamar "Anjei Vaida". Ni dai na shekara ina ce masa Wajada kafin a gyara mini.

A 1983 na fara ganin Kanał. Lokacin ina sabon malamin tarihi a wata sakandare, kuma ina zuwa Samaru da yammacin Asabar ina koya wa wani Bature Hausa. Injiniya ne ɗan Folan, irin waɗanda suka zo aikin kwantiragi a shekarun nan, don a lokacin akwai likitoci da malamai 'yan ƙasarsu da dama a Najeriya. Hausarsa ba ta wuce "sannu da aiki" da "nawa ne tumatir" ba, amma yana da bidiyo, abin da a unguwarmu ta Tudun Wada gida ɗaya ne na san yana da shi. Ni kuwa ɗan silimar Sabon Gari ne, na tashi da Indiya da kaboyi da Canis. A sanina, fim shi ne jarumi ya sha wuya, ya rama, a tashi ana tafi. Ran nan ya saka kaset ɗin, babu rubutun fassara ko ɗaya, shi ne yake fassara mini da baki, yana tsayar da kaset yana komawa baya. In ka ga masu fassarar fim ɗin Indiya na yanzu, to ni nawa mai fassarar yana zaune kusa da ni da kofin shayi.

Tun a farkon fim ɗin wata murya take gaya maka cewa mutanen nan da kake gani suna cikin awoyinsu na ƙarshe a duniya. Na ce masa, to mene ne amfanin kallon tunda an riga an faɗi ƙarshe? Bai tanka mini ba.

Ga tarihin da ke ƙarƙashin labarin. Ranar 1 ga Agusta 1944 mayaƙan ɓoye na Folan suka yi wa sojojin Jamus bore a birnin Warso. Sun yi zaton abin kwana kaɗan ne, sai ya kai kwana 63. Fararen hula tsakanin 150,000 zuwa 200,000 suka mutu, kuma bayan an miƙa wuya a farkon Oktoba, Jamusawa suka bi ragowar birnin gida-gida suna rushewa. Da unguwanni suka fara faɗawa hannun abokan gaba, mayaƙan ba su da hanyar tsira sai ta magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Ma'anar sunan fim ɗin ke nan. Ka ɗauki lambatun bayan kasuwa da damina, ka rufe shi da siminti, ka kashe fitila, ka ce wa mutum mai rauni a ƙirji ya yi tafiyar dare guda a ciki. Wanda ya rubuta labarin, Jerzy Stefan Stawiński, da ƙafarsa ya bi ta cikin waɗannan ramuka.

To, muka zo wurin da ka tambaya. Yarinyar ta ja saurayin har bakin mafita, ga hasken rana, ga ruwan kogin Vistula, ga ƙarfe an gitta. Ta ce masa kada ya buɗe ido, wai hasken zai yi masa yawa, don dai kada ya ga ƙarfen. Nan Baturen nan ya danna maɓalli hoton ya tsaya cik. Ya tashi, ya je ya ɗora yatsa a kan gilashin talabijin, daidai ɗaya gaɓar, ya ce da Turancinsa mai nauyi: Rasha. Ya koma ya zauna.

Sojojin Tarayyar Sobiyet suna can ƙetaren kogin a lokacin. An yi wani yunƙurin tsallakowa da wasu rundunonin 'yan Folan da ke ƙarƙashinsu, aka yi asarar rayuka, amma babban agajin da mutanen birnin ke jira bai zo ba. Yawancin 'yan Folan sun yi imani da gangan Stalin, shugaban Sobiyet, ya naɗe hannu, don Jamusawa su gama masa da mutanen da za su zame masa ƙaya daga baya. Kanał ya fito a 1957, lokacin da gwamnatin gurguzu mai biyayya ga Mosko ke mulkin ƙasar. Wa ya isa ya sa wannan magana a bakin jarumi? Hukumar tace fina-finai tana karanta rubutu layi-layi da jan biro. Amma jan biro ba ya kama gaɓar kogi. Duk ɗan Folan da ya zauna a silima ya san wanda ke tsaye a can, duk da allo bai nuna kowa ba. Abin da Bahaushe ke kira hannunka-mai-sanda, shi Wajda ya yi shekara sittin yana yi da kyamara. Fim ɗin ya samu kyauta ta musamman a bikin Cannes na Faransa a wannan shekarar.

Shi mutumin, an haife shi a garin Suwałki a 1926, ya mutu a Warso a Oktoban 2016 yana da shekara 90. Zane ya fara karantawa a Kraków kafin ya koma makarantar fim ta Łódź, kuma in ka lura za ka ga hannun mai zane a yadda yake jera mutane da haske. Mahaifinsa hafsan soja ne. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu da wanne za ka ci gaba. Kada ka yi tsalle. Nemi Popiół i diament na 1958, wato toka da lu'ulu'u. A intanet za ka fi samunsa da sunan Ashes and Diamonds. A wurina shi ne gwaninsa, kuma na san akwai masu jayayya da ni. Duk labarin yini ɗaya ne da dare ɗaya, 8 ga Mayu 1945, ranar da Jamus ta miƙa wuya. Kowa na murna yaƙi ya ƙare, shi kuwa wani saurayi mai suna Maciek, ɗaya daga cikin mayaƙan ɓoye, an ba shi umarnin ya harbe sakataren jam'iyyar gurguzu na yankin. Da farko ma kuskure suka yi, suka kashe leburori biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Ya kama ɗaki a otal ɗaya da mutumin da zai kashe, har ashana ya ƙyasta masa ya kunna taba. A daren kuma ya haɗu da yarinyar da ke aiki a mashayar otal ɗin, karon farko a rayuwarsa ya ji yana son ya rayu kamar kowa.

Ka sa ido a wurare biyu. Akwai inda ya jera ƙananan kofunan barasa a kan kanta, yana cinna wa kowanne wuta, kowane kofi a madadin abokinsu da ya mutu a yaƙi. Babu kuka, babu dogon jawabi, ga maƙabarta nan an shimfiɗa a kan teburin mashaya. Na biyu, da ya harbi dattijon sakataren, mutumin bai faɗi baya ba, gaba ya tako ya faɗa jikinsa, Maciek ya rungume shi, a daidai lokacin wasan wutar bikin nasara ya tashi sama. Ɗan ƙasa ɗaya ya kashe ɗan ƙasa ɗaya, suna rungume. A ƙarshe shi ma Maciek aka harbe shi, ya mutu yana shure-shure a kan juji. Masu mulki suna iya kallo su ce madalla, ga makomar maƙiyin gwamnati, bola. 'Yan kallo kuwa suka fita suna tambayar wace irin ƙasa ce ke zubar da irin wannan yaro a bola. Hoto ɗaya, kowa ya karanta nasa.

Jarumin, Zbigniew Cybulski, da baƙin tabarau da tufafin samarin 1958 ya fito, ba na 1945 ba, shi ya sa matasan lokacin suka ga kansu a jikinsa. Ya mutu a 1967 a tashar jirgin ƙasa ta Wrocław, yana ƙoƙarin ɗarewa jirgi yana tafiya.

Bayan wannan, tunda kai ɗalibin wasan kwaikwayo ne, sai Człowiek z marmuru na 1977, mutumin da aka sassaƙa da dutsen marmara. Wata ɗalibar fim ce, Agnieszka, ta tsinci gunkin wani birkila an jefar a ɗakin ajiyar gidan tarihi. Ta bi sawu: ashe a zamanin Stalin gwamnati ta ɗauko shi daga wurin ginin sabon garin Nowa Huta ta mai da shi gwarzon ma'aikata saboda yawan tubalin da yake jerawa a yini, hotonsa a kowane bango. Wata rana wani ya miƙo masa tubalin da aka gasa a wuta, hannayensa suka ƙone. Da ya fara tambayar inda aka kai abokin aikinsa da aka ɗora wa laifin, sai aka sauke hoton, aka ɗaure shi. Rubutun wannan fim ya haura shekara goma a durowa kafin a ba da izinin ɗauka, kuma duk da haka sai da aka yanke wurin da ke nuna yadda birkilan ya mutu. Wajda ya biya wannan bashi a Człowiek z żelaza na 1981, mutumin ƙarfe, kan yajin aikin maƙerar jiragen ruwa ta Gdańsk na Agustan 1980, inda Lech Wałęsa, jagoran yajin aikin, ya fito a matsayin kansa. Ya ci babbar kyautar Cannes. Ranar 13 ga Disamba na shekarar sojoji suka kafa dokar ta-ɓaci. Gaskiya ni wannan na biyun bai kai mini na farkon ba. An yi shi cikin gaggawa, kuma da bakin Wajda ya ɗan samu sarari sai ya faɗi da yawa. Ya fi iya magana in an ɗaure masa harshe.

Katyń na 2007 ka bar shi ƙarshe. A bazarar 1940 'yan sandan ciki na Sobiyet suka harbe hafsoshi da 'yan sanda da masu ilimin Folan wajen 22,000, a dajin Katyń da wasu wurare. Mahaifin Wajda na cikinsu, a birnin Kharkiv aka kashe shi. Shekara hamsin Mosko na cewa aikin Jamus ne, sai a 1990 ta amsa. Mahaifiyarsa ta mutu a 1950 tana jiran miji. Fim ɗin ya buɗe a kan gada ranar 17 ga Satumba 1939: masu gudun Jamusawa daga yamma suka yi kiciɓis da masu gudun Rashawa daga gabas, gaba kura baya sayaki. Yana da shekara 81 ya yi shi. Mintunan ƙarshe kuwa babu habaici ko kaɗan, ya nuna kisan ɓaro-ɓaro, mutum bayan mutum, harsashi a ƙeya. Kada ka kalle shi da daddare kai kaɗai a waya.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce, yarana uku, babban yana aji biyar na sakandare kuma yana son tarihi. Za mu iya kallon fina-finan nan tare a falo?
Daga wata mai karatu, Gyallesu.

AMSA: Hajiya, ba duka ba. Kanał babban zai iya gani in kina kusa, ƙananan a'a, duhun da ihun za su bi su barci. Na toka da lu'ulu'u akwai shan barasa daga farko har ƙarshe, da wani wuri na ɗakin kwana, ko da yake an sakaya. Ziemia obiecana na 1975 kuwa ki ajiye shi nesa da yara, akwai tsiraici ƙarara. Abin takaici, don shi ne wanda mutumin Arewa zai fi ji a jikinsa: abokai uku, ɗan Folan da Bajamushe da Bayahude, ba su da ko sisi, suka haɗa kai za su kafa masaƙa a Łódź a ƙarni na 19, injin na cin hannun lebura, mai masaƙa na kukan yadin da jini ya ɓata. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin Kaduna, ya kuma ga yadda take yau, ba zai kalle shi da sanyin rai ba. Ga yaronki, ki nema masa Korczak na 1990, labarin likitan da ke riƙe da gidan marayun Yahudawa a Warso, wanda a 1942 ya ƙi rabuwa da yaransa ya bi su sansanin kisa na Jamusawa da ke Treblinka. Ki fara kallo ke kaɗai tukuna.

TAMBAYA: Malam, da girmanka. Matasanmu sun gama lalacewa da fim ɗin Indiya da na Koriya, kai kuma ka zo kana tallan na wata ƙasar da ko a taswira ba mu san inda take ba. Ina ruwan Bazazzagi da Folan?
Daga wani dattijo, Ƙofar Doka.

AMSA: Allah ya ja kwana, Alhaji. Mu ne ba mu san su ba, su sun san mu: a Jami'ar Warso an daɗe ana koyar da Hausa, akwai shehunan malamansu da suka ƙare rayuwarsu a kan adabinmu. Har ila yau a Warso akwai dutsen tunawa da wani makaɗin jaz haifaffen Legas, August Agbola O'Browne, wanda ake ba da labarin ya shiga boren 1944 da laƙabin Ali. Amma ba wannan ce hujjata ba. Ni malamin tarihi ne, na yi shekara talatin ina rubuta shekarun yaƙin basasarmu a allo, 1967 zuwa 1970, yara na kwafa suna hamma. A unguwarmu akwai tsohuwar da ɗanta ya tafi wannan yaƙi bai dawo ba, ba gawa ba takarda, har ta rasu in an yi sallama da dare sai ta ɗago kai. Ban taɓa ganin wanda ya sa ta a fim ba. Da na ga matan da ke jira a Katyń, ita na gani. Ruwanmu da Folan ke nan, Alhaji. In ka samu sarari ka leƙo zaure, shayin a wuyana.

TAMBAYA: Kawu, mu ƙungiya ce ta matasa muna ɗaukar gajerun fina-finai da waya. Ba mu da kuɗi, ba mu da kayan aiki. Me za mu ɗauka daga wurin wannan mutumin? Kuma ina ake samun fina-finan?
Daga wani matashi, Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, ba zan yaudare ka ba, Wajda ba da aljihunsa ya yi aiki ba. Gwamnatin da ke tace masa fim ita ke biyan kuɗin ɗauka, da kyamara da ma'aikata da komai, shi ya sa wuyansa ke hannunta. Ku ba ku da wannan gata, ba ku kuma da irin wannan igiya. Amma ka lissafa mini kuɗin kofuna shida da ashana ɗaya. Ciwon da nake gani a yawancin fina-finanmu shi ne baki: mutum biyu a kan kujerar falo, ɗaya ya ce raina ya ɓaci, ɗaya ya ce na ga alamar ranka ya ɓaci, minti goma. Ku gwada wannan a fim ɗinku na gaba. Ku zaɓi maganar da ta fi kowace nauyi a labarin, ku goge ta daga takarda, sannan ku nemi abin da zai faɗe ta: takalmin da aka bari a ƙofar ɗaki, kwanon tuwon da aka rufe ba a taɓa ba, tsohon layin dogo da ciyawa ta cinye. In kun nuna wa ƙanwarku ta gane ba tare da kun yi bayani ba, ku bar shi. In ba ta gane ba, ku sake. Ku turo mini in gani.

Batun samu, an gyara yawancin tsofaffin fina-finansa an mai da su na zamani, hoto tas, kuma suna yawo a intanet da rubutun fassarar Turanci. Ku nema da sunan Folanci yadda na rubuta, ya fi saurin fitowa, ku kuma tabbata akwai fassarar kafin ku ƙona data. Na Hausa ban taɓa cin karo da shi ba, kuma in kuna neman aikin yi, ga shi nan: Kanał bai fi awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba, maganar cikinsa ba ta da yawa.

Kaset ɗina kam kada ku sa rai. Da Baturen zai koma gida a 1985 ya bar mini shi tare da wata tsohuwar fanka. Fankar ta yi mini shekara takwas. Kaset ɗin zafin Zariya ya manne zarensa tun kafin in mallaki bidiyon kaina, yana nan a akwati tare da takardun fansho.